Farar da Aka Cire wa Ƙafa

Ƴan matan da ke zuwa wurina koyon suyar fara duk tambayarsu ɗaya ce: mai nawa ake zubawa, tonka nawa, yaushe ake matsa lemun tsami. Sai in ce su ajiye kaskon tukuna. In ɗebo busasshiyar fara in zuba a faifai, in ce kowace ta ɗauki guda ta juya ta, ta faɗa mini abin da ta gani. Su yi ta dariya. Wata ta ce, "Gwaggo Dije, fara ce mana, mi za a gani?" Wadda duk ta faɗi haka ba na barin ta taɓa matsami sai ta ji wannan labari. Suya kowa na iya ta. Saye shi ne sana'ar, kuma wajen saye ne na yi abin da har yau nake neman gafarar Allah a kansa.

Ƙanwar mahaifiyata, Inna Kulu, ita ta koya mini aikin. Tana suya a Malbaza, bakin ƙofar luzin, wato masana'antar siminti, ƙarƙashin wani itacen dogon yaro. Da na bar lakwal, makarantar boko, aka kai ni wurinta. Aikin farko da ta ba ni kamu ne. Da kaka, bayan an yanke hatsi, mukan fita da asuba mu nufi dajin wajen Dogarawa. A wannan lokaci sanyin safiya ya danne fara, tana maƙale jikin kara da sabara, ba ta iya tashi. Da hannu ake tsinkar ta a jefa buhu. Ƙafarta ta baya na da ƙaya kamar zarto, kafin rana ta ɗago duk yatsunki sun tsattsage. Rana na yin zafi kuma aiki ya ƙare, don ta farka, sai dai ki bi ta da ido.

In an dawo gida ba a gaggawa. A bar ta cikin buhu ta zubar da abin da ke cikinta, sannan a juye ta da ranta cikin tafasasshen ruwan gishiri. Ta yi ja, a tsame, a shanya bisa tabarma a kan rumfa inda akuya ba ta kaiwa. Wata rana muna shanya, Inna Kulu ta ɗauko guda biyu ta ɗora mini a tafin hannu. Ɗaya ta naɗe ƙafafunta jikinta kamar mai jin ɗari. Ɗayar ƙafafunta na baya sun miƙe sanɗar, kamar ta yi shuri ba ta maido ba.

"Wagga da ta naɗe, mu muka kashe ta," in ji ta. "Da ranta ta shiga ruwa. Wagga da ta miƙe, matacciya aka tsinto. In kin ga irinta a buhu, ki tambayi mi ya kashe ta. In ba a faɗa miki ba, ki ɗauke hannunki."

Shi ya sa a sana'armu ba a sayar da busasshiyar fara sai da ƙafarta da fiffikenta. Mai suya ita ke cirewa da kanta, bayan ta duba. Ƙafafun da fiffiken da ɓarɓashin gindin buhu kuwa rabon kaji ne, kowace mai fara tana da kaji masu ƙiba.

Kayan aikin Inna Kulu ba su da yawa. Kasko ɗaya baƙi wanda ta ce ya girme ni, matsami mai ƙota ta itace, murhun duwatsu, da takardun buhun siminti da take kakkaɓewa ta yayyaga don ƙunshi. Kafin azahar ma'aikatan luzin ke fitowa hutu, fari fat har gira, su kewaye ta. Akwai direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, masu jiran lodi. Akwai matan sojoji, Zabarmawa da Barebari, waɗanda in ba ki cika musu tonka ba sai su ce kin raina su. Inna Kulu ta san mai son ta ƙone kaɗan, ta san mai ciwon ciki da ba a sa masa tsami. A nan na koyi jin mai da kunne. In fara na ƙara da ƙarfi, da sauran ruwa jikinta. In ƙarar ta koma ƙasa-ƙasa, a kwashe.

Da aka yi mini aure Ƙonni, na bar suya na koma sari. Matan ƙauye daga wajen Illela da Tajaye su kawo mini buhu-buhu, ni kuma in auna wa masu suya na tasha tiya-tiya, wani lokaci har ƴan tsallaken iyaka su zo su ɗauka. Abu guda ne ban taɓa fasawa ba. Duk sabon buhun da na kwance, tiyar farko ta Inna Kulu ce, in ƙulle in ba motar Malbaza. Ba ita ta roƙa ba, haka ake yi wa wadda ta koya maka. A lokacin idanunta sun yi yana, ba ta ganin fuskar mai saye, amma ba ta bar suya ba. Da kunne take suya, da yatsa take duba kaya.

Sai shekarar farar dango. Ku da kuke yara lokacin kun ji ana faɗi. Ta sauko daga arewa hatsi na kan ɗaukar ido, ta bi gonaki ta bar kara tsirara. Gwamnati ta fito da motoci da jirgi ana feshi, kuma ban ga laifin feshin ba, in ba a yi ba ko irin shuka ba zai saura ba. Rediyo kullum tana faɗa cewa kada a tsinci farar da aka yi wa feshi, kada a ci, kada a sayar. Na ji da kunnena, ba sau ɗaya ba. Matan da ke kawo mini kaya suka daina zuwa, suka ce ba su san inda magani ya sauka da inda bai sauka ba. Hatsi ya yi tsada. Maigidana na cirani bakin ruwa, ba aike. Na faɗi waɗannan ne don ku san yadda shekarar take, ba don su wanke ni ba.

Ana haka wani mai suna Alu, wanda ban taɓa ciniki da shi ba, ya sauke buhuna ƙofar gidana. Na kwance ɗaya. Ban taɓa ganin fara mai kyanta ba, manya-manya, ba karyayye ko guda, don wadda aka kama da rai tana kokawa cikin buhu ta kakkarye. Na ɗauki guda na juya. Ƙafa a miƙe. Na zura hannu can ciki na ɗebo. Duk a miƙe.

"Alu, wagga fara ina aka kamo ta?"

"Daji, Hajiya. Fara gida take kwana?"

"Ban je Makka ba, bar ce mini Hajiya."

"Da wanga buhu za ki je."

Na kai hanci. Ƙarƙashin ƙamshin gishiri akwai wani wari siriri kamar na kananzir. Ya faɗi farashi, araha irin wadda ita kanta ta isa ta sa mutum ya tsaya. Na ce wa raina ai an riga an dafa ta, kuma za ta sake shiga tafasasshen mai, wane magani ne zai tsallake wuta biyu? Ban sake tambayarsa ba, don ba na son ya amsa. Na saye duka.

Sai dai masu suyar tasha sun san ƙafar fara, wasunsu ma ni na nuna musu. Don haka na baje buhu ɗaya tsakar gida, na zauna na bi ta ɗaya bayan ɗaya ina cire ƙafa da fiffike. Na shirya abin da zan ce musu ranar kasuwa: gyararriya ce, na hutar da ku. Har ina jin za su yi mini godiya. Da gari ya waye na ɗauko tiya, na cika ta, na ƙulle a leda, na ba motar Malbaza ta farko na ce a kai wa Inna Kulu. Hannuna ya yi abin da ya saba. Na kuma san in ba ta ga tiyarta ba za ta aiko tambaya, ni kuwa tambaya nake gudu. Na dawo na share tarin ƙafafu da fiffike, na watsa wa kaji kamar kullum, na ɗauki bokiti na tafi famfo.

Da hantsi na dawo na tarar da gidan shiru. Zakara na tangaɗi jikin bango, yawu na zuba daga bakinsa. Kaji biyu sun kifa kai suna karkarwa. Jar kazata, wadda ta fi kowace haɗama, tana kwance gindin turmi ta miƙe ƙafafunta baya, sak irin na farar.

Abin da ya faɗo mini shi ne, kajin nan ƙafafu da fiffike kaɗai suka ci. Jikin farar yana Malbaza, kuma kafin azahar Inna Kulu za ta ɗora kasko. Ba za ta ga komai ba, kuma abin da za ta lalube ta gane na riga na cire shi.

Na kifa babban kwano kan ragowar sharar na ɗora dutse, na kulle buhunan a ɗaki, na fita ko takalmi ban daidaita ba. Lokacin salula ba ta kai hannun irinmu ba, ba ni da ita, Inna Kulu ba ta da ita. A tasha motar Malbaza ta biyu na tsaye, mutum uku ciki, direba na shan shayi yana jiran ta cika. Na wuce bakin titi. Allah ya sa na hango kamiyon Isuhu, wani direban siminti da na sani tun ina ƙunsa masa fara a takarda, ya sauke kaya zai koma ba lodi.

"Dije ta Inna Kulu! Ina zuwa haka kamar an koro ki?"

"Malbaza. Don Allah kai ni."

"Hau. Amma kuɗin mota fara ce, ki ce ma tsohuwa ta cika mini takarda."

Duk hanya ba shi da zance sai na farar Inna Kulu. Wai ya ci ta Tawa, ya ci ta Maraɗi, babu mai kamo ƙafarta. Wai tun sahe bai sa komai a ciki ba don ya bar mata wuri. A shingen jandarma aka tsayar da mu, ya sauka da takardunsa, ya tsaya gaisawa, har da tambayar lafiyar iyali. Ni ina kallon inuwar kamiyon tana shigewa ƙarƙashinsa. Da ya dawo na ce, "Isuhu, taka motar nan. Kuma yau kada ka ci fara."

"Azumi aka sa ban ji ba?"

"Ka dai taka."

Ya dube ni, ya ga fuskata, ya bar wasa. Kamiyon da ba kaya tsalle yake yi bisa ramuka, kaina na bugun rufi, ban ce ya rage ba.

Tun daga nesa na hango hayaƙi ƙarƙashin dogon yaro. Da muka matso na ga ma'aikata sun riga sun fito, suna tsaye da takardu a hannu suna tauna. Ban san yadda na sauko ba. Na farko da na isa, wani dogo mai hular kwano, na buge takardar hannunsa, fara ta watse ƙasa.

"Ku tofar! Kowa ya tofar!"

"Baiwar Allah, lahiya? Mi na yi miki?"

Inna Kulu na zaune kan kujerarta, matsami a hannu, ta karkato kunne. "Wa ke kore mini masu saye? Muryar Dije nake ji?"

"Inna, farar da na aiko da sahe..."

"Taki na nan ƙarƙashin benci a ƙulle. Wagga ragowar ta kwanaki ce." Ta ɗaga murya. "Ku ci abinku, ɗiyata ce, rana ta buge ta. Kai mai ƙara, zo in sake maka."

Na duba ƙarƙashin benci. Ga ledata, an sake ƙulle bakinta da tsumma, an ɗora mata dutse. Na zauna nan ƙasa cikin toka. Ma'aikata na dariya, dogon nan na cewa a ƙara masa tonka ladan tsoron da ya ji. Ban taɓa jin daɗin ƙarar taunar mutane kamar ranar ba.

Da suka ragu, Inna Kulu ta lalubo hannuna ta jawo ni kusa, ta rage murya.

"An cuce ki, ɗiyata. Na sa hannu na ji fara ba ƙafa. Na lalube har gindin leda, ko guda. Wanda ya zauna ya cire ma fara ƙafa kahin ya saida, akwai abin da ba ya son a gani. Faɗa mini wane ne, in sa a daina sayen kayansa daga nan har Ƙonni."

Da na ce Alu, da maganar ta ƙare nan. Ta riga ta buɗe mini ƙofar da kanta.

"Inna, ni ce."

Ta juya abin da ke kasko, ta saurara, ta kwashe, ta zuba a faranti.

"Ke kika cire?"

"Ni na cire."

"Kin duba kahin ki cire?"

"Na duba."

"Saura na ina?"

"Kulle a ɗaki. Ba wanda na saida ma."

"Wa ya ci?"

"Kajina."

"To. Kaji sun yi miki aikin da idonki ya ƙi yi." Ta saki hannuna. "Isuhu na nan? Ya ara miki shebur. Ki gina rami mai zurhi, inda kare ba ya tonawa. In kin koma gida ki yi ma sauran haka, har da kajin, kada wani ya ce zai yanka. Sannan ki tahi tasha ki faɗa ma masu suya da bakinki. Ba Alu ba, ba wane ba. Abin da kika yi za ki faɗa."

Na yi duka. Na uku ya fi gina ramuka wuya. Masu suyar tasha suka sa mini suna Dije mai gyararriya, kuma sunan ya daɗe bai sake ni ba. Wasu suka koma saye wurin wasu. Amma Alu da ya sake zuwa da buhuna, bai sami mai kwance masa ko ɗaya a tashar ba. Ban sake aika wa Inna Kulu tiya ba a wannan shekara, don ba ni da fara, kuma ban san ko za ta karɓa ba.

Daga baya wata malamar asibiti da ke sayen kayana ta warware mini zancen wuta. Ta ce wuta na kashe ƙwayar cuta, amma ba a dogara da ita kan maganin feshi, sau da yawa yana nan cikin abinci bayan an dafa. Ta ce wanda ya ci da yawa shi ke faɗuwa a gani, wanda ke ci kaɗan-kaɗan kuwa ba mai ganinsa, sai ya yi ta ciwo ba a san mafari ba. Tun daga nan na fara duba sauran abin da nake sa wa a tukunya kamar yadda nake duba fara. Waken da ya kai bazara ba huji ko guda, nakan tambayi da me aka ajiye shi. Nawa cikin toka nake ajiyewa, ko cikin duro in toshe bakinsa iska ba ta shiga. Busasshen kifin da ƙuda ba ya sauka kansa ba na saye. Kabeji da tumatir ina karɓa wurin wani mai garka da ke fesa ruwan ƴaƴan dogon yaro, ganyensa da huji-huji, ba shi da kyan gani. Wata matar ma'aikacin duwan, wato kwastan, ta ce mini a Yamai irin wannan abinci biyo ake ce masa, har tsada yake. Na ce mu nan abinci muke ce masa.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan hanya ba ta da riba mai yawa. Akwai lokacin da makwabciyarki ke da kaya tuli ke ba ki da ko tiya, don matan da kika yarda da su ba su samo ba. Mai saye kuma idonsa na kan mai kyan gani. Sai kin yi haƙuri kin nuna masa, kin juya masa farar a tafinsa. Wanda ya gane ba ya sake barinki.

Da kaka ta zagayo, matan Tajaye suka dawo da buhunansu. Fara ƙanana, rabi duk ta kakkarye, ƙafafu a naɗe. Na kwance na farko, na tsaya da tiya a hannu na daɗe. Sannan na cika ta, na ƙulle, na ba Isuhu, ban haɗa da wani saƙo ba.

Washegari da la'asar na ji odar kamiyo ƙofar gida. Isuhu ya leƙo ta taga ya miƙo mini ƙunshin takardar siminti, mai ya huda ta.

"Tsohuwa ta ce a ba ki. Ta ce ta lalube har gindi, kuma gobe ki ƙaro, ƴan luzin sun cinye."

Na buɗe. Soyayyiyar fara ce, amma ba ta fi cikin cokali ba.

"Isuhu, haka ta ba ka?"

"Cike ta ba ni," in ji shi, yana share baki da bayan hannu. "Kin manta bara ba ki biya kuɗin mota ba?"